Keken saƙa mai allura 48: gwanin hula ne, amma fa hula kawai

Tun da na sa hoton hulunan yara a WhatsApp mata suke ta tambayata ko keken nan na roba da ake juyawa da hannu ya ci kuɗinsa. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani gaba ɗaya, tunda ya ci hunturun Jos a hannuna. Kayan saƙar da ya wuce Disamba da Janairu a garin nan kuwa ya gama jarrabawa.

Ni 'yar kwarashi ce tun ina makaranta, kibiya sai bayan aure na koya wurin wata maƙwabciyarmu a Gangare. Ba sana'a nake yi da saƙa ba, abin hutawa ne in an gama girki an kwantar da yara. Matsalar ita ce Jos ba ta barin mai saƙa ta huta. Gari ne da ke kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, in hunturu ya kankama sanyin asuba yakan sauko wajen digiri 11 ko 12, ga iska mai ratsa kunne. Da zarar dangi sun san kina riƙe kwarashi, to kowane kai a gidan naki ne: 'yan makaranta, masu fita sallar asuba, ƙanin maigida mai tuƙa keke, har da jikokin Hajiya na Bukuru. Hular babba ɗaya da kwarashi tana cin min yamma biyu ko uku. Wannan ne ya sa na sayi keken.

Daga Legas aka sa min shi a mota, na je tasha na karɓa. Ba zan faɗi farashi ba, don kaya ne na China da ke bin dala, abin da na biya ba shi za ki biya ba. A cikin kwalin akwai keken kansa, zagayayye, da ƙafafu huɗu da ake ɗaurawa da sukudireba, da robobi masu manne wa tebur, da allurar roba ta ɗinki, da ɗan kwarashi, da 'yan dunƙulen zare na gwaji. Komai nasa roba ne, har alluran, waɗanda suke kamar ƙananan ƙugiyoyi 48 a jere a da'ira. Akwai mariƙi a gefe, in kin juya sai alluran su riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya suna cafke zare suna komawa. Akwai ɗan agogo mai ƙirga zagaye, da wani maɓalli mai matsayi biyu: ɗaya na saƙa rufaffiya mai zagaye kamar hannun riga, ɗaya na saƙa shimfiɗaɗɗiya. Ba ya buƙatar wuta ko batir, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar da na fiddo shi Hajiya ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta ce, "Ke yanzu wannan abin wasan yaran kika ba da kuɗi a kai?" Ban ga laifinta ba, don da gani ba ya cika ido. Amma a kan hula ya ba ta kunya.

Ga yadda ake yi. A zagayen farko za ki bi alluran da zare a hankali, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, kina farawa daga allurar da launinta ya bambanta da saura. Daga nan sai ki sa zaren a maƙalinsa ki yi ta juyawa. Saƙar tana sauka ta tsakiya, doguwa, buɗe sama da ƙasa. Hular babba mai ruɓi biyu tana son zagaye 120 zuwa 140, gwargwadon kaurin zare da kuma ko kina son a naɗe bakinta. In ta kai sai ki yanke zare da tsawo, ki zura a allurar roba, ki kwashe saƙar daga kan alluran ɗaya bayan ɗaya. Ki ja bakin nan ya tsuke, ki ja wancan ya tsuke, ki cusa rabi a cikin rabi, ki ɗaure su tare a ƙoƙon kai. Shi ke nan, hula ta fito, ba ɗinki ko ɗaya a jikinta. In kin canza launi a tsakiya, hula biyu kika samu, yau a sa ta wannan fuska gobe a juya. Juyawar kanta ba ta kai rabin awa, tsukewa da ɗaura tuntu su ne ma suka fi cin lokaci. Kuma da yake ruɓi biyu ce ta fi ta kwarashi tare iska nesa ba kusa ba, don saƙar kwarashi komai matsewarta tana da 'yan ƙofofi. Baban yara, wanda da ba ya yarda ya sa hular da na saƙa wai ta yi ado da yawa, da wannan yake fita masallaci.

To amma kada bidiyon YouTube ya ruɗe ki. Can za ki ga baturiya tana juyawa tana hira, saƙa na zubowa sumul. Abin da ba a nuna miki shi ne irin zaren da take amfani da shi.

Keken nan yana da tsirfa a kan zare, kuma a nan ne duk wahalarsa take. Matsakaicin kauri yake so, irin wanda a takardarsa aka rubuta kibiya mai milimita 4 zuwa 5, mai laushi, mai ɗan talewa. Zaren da ya fi yawa a wurin masu kayan saƙa na wajen Terminus, inda 'yan kasuwa suka bazu tun bayan gobarar babbar kasuwa a 2002, siriri ne, ƙananan dunƙule masu giram 40 ko 50, irin wanda muke kayan jarirai da shi. In kin sa shi ɗaya saƙar takan fito shara-shara, ana hango fatar kai. In kin haɗa biyu kauri ya yi daidai, amma sai allura ta kama ɗaya ta bar ɗaya, ki ga wani ɗan kumburi a jikin hula. Mai kauri sosai kuma mariƙin ne zai cije, in kika matsa masa da ƙarfi ki ji ƙas, haƙorin ciki ya tsallake. Zaren auduga zalla ba ya talewa, keken ba ya shiri da shi. Sannan hular babba tana cin wajen giram 100, wato dole ki haɗa dunƙule biyu ko uku, kuma kowane ƙulli sai kin tsaya kin raka shi da hannu har ya wuce.

Na gwada zaren da na warware daga rigunan sanyi na gwanjo da na tsinto a Katako, don sau da yawa ya fi na kanti kyau, wani ma gashin tumaki ne na gaske. Yana yi, amma sai an wanke shi an shanya da ɗan nauyi a ƙasa ya miƙe, in ba haka ba lanƙwasar tsohuwar saƙa tana sa shi zillewa daga allura.

Wani abin kuma, kada ki bari keken ya ja zare kai tsaye daga dunƙule. Ki warware mai yawa ki zuba a roba ko kwando a ƙasa, ya riƙa tahowa sakwa-sakwa. Da dunƙule ya ɗan turje, saƙar wurin za ta matse, zagaye na gaba allura ta kasa sakin tsohon zare. In kuwa zare ya suɓuce daga allura ɗaya ba ki lura ba, haka zai yi ta warwarewa yana sauka, sai kin dawo da kwarashi kin kamo shi kin hau da shi mataki mataki. Wadda ba ta taɓa saƙa da hannu ba a nan za ta tsaya cak. Shi ya sa ban yarda da masu tallan da ke cewa ko ba ki iya komai ba za ki yi ba. Za ki juya, amma ba za ki iya gyara ba.

Hunturu ma yana da nasa. Yawancin zaren kasuwa na roba ne, akirilik, kuma in iska ta bushe yakan ɗauki wutar nan da ke sa mayafi manne wa jiki yana ƙyas-ƙyas. Roba a kan roba, sai zaren ya riƙa liƙe wa alluran. Ina goge keken da ɗan tsumma mai danshi kafin in fara, yana raguwa. Ƙura kuma tana shiga ramin alluran ta haɗu da gashin zare, mariƙi ya yi nauyi, don haka tsohon buroshin haƙori ya zama na keke, kuma ba na barinsa a buɗe. Hannu ma in ya yi kaushi yana tsinkar zaren, sai a shafa man kaɗe a bari ya shiga jiki tukuna.

Tunda na ambaci akirilik, iyaye a kula: yana kama wuta, kuma ba kamar auduga ba, narkewa yake ya manne a fata. Yaron da ke sanye da hula ko rigar irin wannan zare kada a bar shi ya sunkuya kan kaskon gawayi yana jin ɗumi. In kina shakkar zaren da kika saya, yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a waje. Na roba zai dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri, na tumaki zai yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa.

Agogon ƙirgan bai daɗe ba ya fara tsallake, wani lokaci ya tsaya gaba ɗaya. Yanzu da tef nake auna tsawo. Robobin ƙafa kuwa ba sa kama teburin katako, sai mai santsi, don haka hannu ɗaya na juyawa ɗaya na danne keke, sai dai in autana ya zo ya riƙe min, shi ma ba ya wuce minti biyar.

Saƙa shimfiɗaɗɗiya ba zan ɓata miki lokaci a kanta ba. Gefunan sukan fito a hargitse, kuma tana nannaɗewa, don keken salo ɗaya tak ya iya, wanda fuska da baya suka bambanta, shi kuwa wannan salon ko da kibiya aka yi shi sai ya naɗe. Babu bakin roba irin na hannun suwaita, babu kitso, babu fure. Na ga masu haɗa riga da shi, amma aikin haɗawar da gyaran gefe ya fi ƙarfin abin da aka rage. Safa mai dunduniya ba ta yiwuwa. Hular jariri ma ba ta yiwuwa, don faɗin saƙar adadin allura ne ke yanke shi, 48 kuwa kan babba ne ko yaron da ya tasa. Akwai mai 40 na yara, akwai ƙarami mai 22, kowanne kuɗinsa daban. Kayan suna, wato hula da safa da riga da shawul, wanda shi ne abin da aka fi roƙon mai saƙa, har yanzu da kwarashi nake yin su. Dama saƙar kwarashi ta gaskiya babu injin da ke yin ta.

Abin da ya fi damuna da shi ba a jikin keken yake ba, a zaman gida yake. Kwarashi da dunƙule ɗaya suna shiga jaka. Ina saƙa a layin asibiti, ina saƙa a gidan biki kafin a kawo abinci, ina saƙa a bakin murhu ina jiran wake ya nuna, in yaro ya yi kuka in soke kwarashi a dunƙule in tashi, in na dawo ina nan inda na tsaya. Keke yana son tebur, da haske, da ido a kan allura, da hannu biyu. Ga ƙara, ƙaƙas-ƙaƙas ba tsayawa, ba a jin rediyo, ba a yi kusa da mai barci. In kika tashi kika bar shi kuwa, babu yaron da zai ga mariƙi ya ƙyale, kuma juyi ɗaya ta baya ya isa ya zubar da saƙar. Kafaɗa ma tana gaya miki in kin yi huluna uku a jere. Wannan aiki ne, a gama a tashi. Natsuwar da nake samu in ina ƙirga saƙa da yatsu bayan isha'i, ban taɓa samunta a kansa ba.

Saboda haka da ƙanwata ta ce za ta saya don ta koyi saƙa, na ce mata, "A'a, ki sayi kwarashi mai milimita 4 da zare biyu ki zo gida ran Asabar." Da matar wana ta ce tana so ta riƙa yin huluna tana kai wa masu shago da 'yan makaranta, na ce, "Yaya, ki saya, amma ki nemi inda za ki riƙa samun zare mai kauri a sari kafin ki biya kuɗin keke, ki kuma fara tun Oktoba." Ita zai yi mata amfani, don hular da ba a sayarwa sai sanyi ya shigo, sauri ne ribarta.

In kin yanke shawarar saya, ki buɗe kwalin tun a tasha ko gaban ɗan aike. Ki juya mariƙin ba zare, a hankali, zagaye biyu ko uku, ki ga kowace allura ta taso ta koma, ki duba ko akwai mai tsagaggen baki, don roba ce kuma ta sha hanya a ƙarƙashin kaya. Ki tambayi mai sayarwa ko yana da alluran canji da mariƙi, ki sa ya haɗo miki da su a aike ɗaya, don allura guda in ta karye keken gaba ɗaya ya tsaya, kuma ni dai na zaga Terminus da titin Ahmadu Bello ban ga mai sayar da su ba.