Shagon rigunan mama a Babbar Kasuwar Maraɗi: awo kafin ciniki

Na daɗe ina sayen rigar mama da ka, in ɗaga ta in auna da ido, sai na isa gida in tarar ta matse ni har ta bar shata a haƙarƙari, ko kuwa igiyoyinta suna zamewa daga kafaɗa. Wata ƙawata ce ta kai ni wani ƙaramin shago a Babbar Kasuwa, wanda wata dattijuwa take riƙe da shi.

Hajiyar ba ta yarda a fara ciniki sai ta yi awo. Ta shigar da ni bayan labule, ta zagaya tef ɗin tela a ƙarƙashin ƙirjina, sannan a kansa, ta ce: "Ɗiyata, lambobi ne suke ruɗa ku, wadda aka rubuta 95 a lissafin Faransa, ita ce 36 a lissafin Ingila." Ta kuma nuna mini cewa zagayen ƙasa ne yake ɗaukar yawancin nauyi, ba igiyoyin kafaɗa ba, saboda haka ya kamata ya zauna daidai a baya, kada ya haura sama.

Na zaɓi ta auduga marar ƙarfe, domin mai soso ba ta sawuwa a zafin bazarar Maraɗi. Na biya jaka uku, kuɗin da ya ɗara na gwanjo nesa, amma wata huɗu ke nan robarta ba ta saki ba. Aibin shagon shi ne ƙunci, ga ƙarancin manyan lambobi, waɗanda sai an ba da sautu an jira.