Hattara da mai tallar bindigar oda a WhatsApp, ya cuci kawuna a Daura

Salam jama'a. Don Allah duk wanda ke da ɗan uwa maharbi ko ɗan sintiri ya karanta mashi wannan, don abin da ya samu kawuna ba na so ya samu kowa.

Kawu maharbi ne tun kafin a haife ni, kuma ba wani ɓoyayye ba ne, duk unguwarmu an san shi da tsohuwar harba-ka-rugarshi da ya gada wurin kakanmu, ƙotarta har ta yi sulɓi don riƙo, ga inda ta tsage an naɗe da fata. Wata ukku da suka wuce wani yaro a majalisarsu ya nuna mashi hotuna a waya, wai wani maƙeri ne a kudu yake ƙera raifil na oda, a auna tsawon hannunka da kafaɗarka a yi maka daidai jikinka, a zana sunanka jikin ƙarfen, kuɗinta dubu 350 har da lasisi, sati biyu a kawo maka har Daura. Kawu ya kai awakinshi kasuwar Mai'adua ran Lahadi ya saida, ya je wurin mai POS ya tura dubu 150 kafin alƙalami. Bayan kwana goma mutumin ya kira wai kaya sun iso amma an tsare direba a shinge sai an ba da dubu 60, aka tura, sai kuma wai kuɗin sa hannun lasisi dubu 40, shi ma aka ciwo bashi aka tura. Daga nan lamba ta daina shiga.

Sai da abin ya ci shi ya ci shi sannan ya kira ni bayan isha'i. Na ce Kawu don me ba ku faɗa mani ba tun farko? Ya ce ɗana, kunya, kuma mutumin cewa ya yi in na buɗe baki ni za a fara kamawa. Wallahi muryarshi rawa take.

Da na karɓi hotunan na duba da kyau sai na ga ai ba na ƙasar nan ba ne ma, a ɗaya har ana iya karanta sunan kamfanin Ingila a jikin bututun. Masu irin wannan aiki na gaske suna nan, kamar Purdey da aka kafa a Landan a 1814 da Holland & Holland na 1835, kuma bindigarsu ta oda guda ɗaya tana haura fam dubu 100, mai oda ya jira shekara ɗaya da rabi ko biyu kafin ta zo hannunshi. A Amurka ma inda abin ya fi sauƙi dubban daloli ne. Kuma tsadar tana da dalili, ƙarfen bututun na musamman ne, katakon ƙota sai ya yi shekaru yana bushewa, mai zane daban mai ƙota daban mai haɗa kunama daban, sannan a Ingila doka ce sai an kai bindiga gidan gwaji a Landan ko Bamingam an harba ta da abin da ya fi ƙarfin harsashin yau da kullum, in ba ta fashe ba a buga mata hatimi. To don Allah wane ne zai yi maka wannan a sati biyu kan dubu 350?

Maganar lasisin ce ta fi ƙona mani rai, don da ita ya kama Kawu, shi mutum ne mai gudun rigima da hukuma. Mai saida bindiga ba ya ba da lasisi. A dokar makamai ta 1959, raifil na farauta da bindiga mai baki biyu lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, harba-ka-ruga kuma wurin Kwamishinan 'yan sanda na jiha, ƙerawar ma sai da izini, kuma a kama ka da ita babu takarda ɗauri ne. Macucin ya san haka sarai shi ya sa yake neman dattawan ƙauye da matasan da matsalar tsaro ta hana su barci, ya san ko ya cinye kuɗin ba za su iya kai ƙara ba. A ce ma ya aiko da wani abu, bututun ruwa ne aka yi wa walda aka shafa fenti, ranar da ta fashe yatsu da ido take tafiya da su.

Wanda yake son taimaka wa tsaron garinsu ya bi ta hannun mai unguwa da hakimi, ga dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023 nan.

Mu dai na lallashi Kawu mun je ofishin 'yan sanda da takardun POS ɗin da duk saƙonnin murya, tunda bindiga ba ta taɓa shigowa hannunshi ba, mun kuma rubuta wa banki kan asusun da aka tura kuɗin, sunan mace ne ma a jiki. Har yau ba a samu ko sisi ba. Jiya wani abokina a Katsina ya turo mani hotunan nan dai, an canza lamba, yanzu wai dubu 280 ne saboda rangwamen kaka.