Gargaɗi: N260,000 ya ci mini da farantan sola na bogi

Wallahi har yanzu jikina rawa yake. N260,000. Kuɗin adashen wata takwas. Faranti huɗu, kowanne N65,000, an rubuta 300W da manyan baƙaƙe a bayansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni mai wayarin ne. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a. Ni nake koya wa yarana cewa wat shi ne bolt sau amp. Ashe a kan takardar da ke manne a bayan farantin, ƙasa da 300W ɗin, an sa 18V da 8.3A da ƙananan baƙaƙe. Ku buga da kanku: 18 sau 8.3 bai kai 150 ba. Rabi kenan! Ƙaryar tana rubuce a gabana, ban duba ba.

Me ya hana ni dubawa? Maganar mai shagon da ya sayar mini. "Injiniya, kai ai ba a yi maka ƙarya a kayan wuta." Haka ya ce, yana riƙe da hannuna. Na yi ta juya wannan magana dare da rana. Kafin nan ma sai da ya tsayar da ciniki muka yi sallar La'asar sahu ɗaya. A Facebook na fara ganin tallarsa, mutane suna ta yabo a ƙasa, kuma da mitata ta awon wuta na je. Ya bari na auna bolt, na ga 21 da 'yan kai, na gyaɗa kai. Da na ce zan auna amp sai ya ce rana ta yi sanyi, ga mai adaidaita yana jira. Wa zai zargi wanda kuka yi sujada tare? Ba wauta na yi ba, mutunci na gani.

Ran Asabar, a'a, Juma'a ce bayan an sauko, rana tsaka, na hau rufi. Bolt 17.5, amp 6.4. Wat 112. Na goge ƙurar, na sake aunawa, babu canji. Girmansa ma ya isa ya tona shi: hasken rana mai ƙarfi wat 1,000 ne a kan murabba'in mita ɗaya, faranti mai kyau kashi 20 cikin ɗari ko sama kaɗan yake iya kamawa. Wannan bai cika murabba'in mita ɗaya ba, ta ina 300 za ta fito?

Ga wayar da ya ƙara mini "kyauta", mita ashirin, wai 4mm ta jan ƙarfe. Amp 10 na bi ta cikinta, bolt 1.4 na ɓacewa a hanya. Raba 1.4 da 10, turjiyarta om 0.14, alhali mita ashirin na jan ƙarfe na gaskiya bai wuce 0.09 ba. Na kankare bakinta da wuƙa, fari fat, alminiyum ne aka shafa wa ja.

Na kira, ya ce ƙila batirina ne. Kira na biyu ya rufe ni. Shagon kuwa, maƙwabtansa sun ce na wata biyu ya kama haya. N260,000! Maiɗakina har yau cewa take yaushe firij zai tashi.

Hoton hirarmu da rasit ɗin tura kuɗin da bidiyon mita duk suna nan, zan ɗora su da daddare in sha Allahu.

Kar ka biya sai ka buga bolt sau amp na jikin takarda, ka kuma auna amp da rana tsaka. Ya hana ka, tafi abinka.