Cikon bargon ƙyallaye: auduga ko foliyesta?

Bargon ƙyallaye irin na Amurka hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa, ciko a tsakiya, sai yadin baya. Cikon nan shi ke nuna yadda bargon zai kasance bayan wanki.

Auduga siririya ce, tana kwanciya lif, kuma tana kama yadi ba ta zamewa a ƙarƙashin keke. Shi ya sa masu salon zamani, irin 'yan ƙungiyar Modern Quilt Guild da aka kafa a 2009, suka fi ɗaukar ta don ɗinki mai miƙaƙƙun layuka. Tana ɗan tsukewa a wankin farko, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, sai bargon ya yi 'yar tamoji. Wasu wannan tamojin suke nema ma. Aibinta nauyi da jinkirin bushewa, kuma allurar hannu tana shan wuya a cikinta.

Foliyesta ba ta tsukewa, ba nauyi, ga araha, tana kuma tayar da zanen ɗinki ya fito sosai. Amma santsi gare ta: idan ba a kafe hawa ukun da fil duk bayan inci 4 ba, baya zai tattare. Zarenta kan huda baƙin yadi ya fito kamar furfura, dutsen guga mai zafi kuma narkar da ita yake yi.

Bargon da za a rataye a baje koli, auduga ta fi. Kowanne aka zaɓa, a yanka shi ya zarce fuskar da inci 4 ta kowane gefe.