Fentin sojojin Warhammer: mai zane na gida ko gwanin waje?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce an kawo masa ƙananan sojojin roba guda ashirin da tankar yaƙi ɗaya na Warhammer 40,000, wasan yaƙi da ake yi a kan tebur, duk ba fenti. Yana tambaya: ya ba mai zanen allunan shaguna a nan Maradi, ko ya aika wa masu wannan sana'a a Turai?

Malam, tunda kayan sun riga sun iso hannunka, mu dai shawararmu ka ba mai zane na gida, amma da sharaɗi.

Gwanin waje ya san wasan. Tun 1987 kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila ke fitar da shi, kuma can akwai masu cin abinci da wannan fenti kaɗai. Ka faɗa masa sunan rundunarka, ya san launinta da tambarinta. Kuɗinsa bisa kowane soja ne da matakin aiki: akwai na wasa a tebur, wato launi uku ko huɗu da inuwa, akwai na baje koli wanda har ƙwayar ido ake zanawa. Yawanci sai ka ba da kafin alƙalami, ka shiga layi na makonni. Inda gizo ke saƙa shi ne hanya: kuɗin aikawa sau biyu, ga duwan, ga takubba da eriya masu karyewa a kwali. Wannan zaɓi ya fi dacewa da wanda bai sayi kaya ba tukuna, sai mai fentin ya saya can ya gama, a yi jigila sau ɗaya.

Na gida kuwa yana da hannu, kayan aiki ne ba shi da su. Sojan nan bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, fentin mai na ƙofa da allo kuma kauri gare shi, shafa ɗaya zai cike fuska da maɓallan sulke. Tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fentin mai, tana iya cin robar ma. Don haka kai za ka kawo fentin akirilik, irin su Vallejo ko Citadel ko Army Painter, da buroshi lamba 0 da 1 da 2.

Ku zauna ku bi aikin daki-daki. A kankare layin da injin zubi ya bari a jikin robar, a haɗa da gam na roba. In sojan na rezin ne, wani abin zubi daban da roba, a wanke da sabulu tukuna, don maiƙon masana'anta yana hana fenti kamawa, kuma sufa gulu ne ke riƙe shi. Sai shimfiɗar farko, baƙa ko toka-toka, wadda in babu ita fenti ɓarewa yake yi tun wasan farko. Launi kuma a tsinka shi da ruwa kamar madara, a shafa siriri sau biyu. Daga nan fenti mai duhu mai ruwa-ruwa ya shiga lunguna, a haska gefuna, a rufe da feshin kariya marar ƙyalli.

Yanayinmu ma sai an yi dabara da shi. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, fenti kan bushe a bakin buroshi, feshi kuma ya bushe a iska ya sauka kamar yashi. A yi feshi da sassafe a inuwa, a riƙa ɗiban fenti daga kan takardar gashin burodi da aka shimfiɗa bisa jiƙaƙƙen soso. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai a kifa roba a kan duk abin da bai bushe ba.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka miƙa duka ashirin. Ba da soja ɗaya na gwaji, ka biya, ka duba shi a hasken rana: fuska ta fito? Launi bai tsallaka iyaka ba? Shi zai zama ma'auni, ku rubuta farashi da ranar karɓa a kansa. In gwajin ya ɓaci, a jiƙa sojan roba a alkol isopropil a goge da buroshin haƙori. Asiton kam, wato ruwan goge fentin farce, kada ya kusance shi, narkar da shi zai yi. Tankar a bar ta ƙarshe, sai hannun mai zanen ya faɗa.