Crock-Pot mai lita 3.5 da dagargajajjen dankalin Turawa

Tukunyar lantarki ce mai dahuwa a hankali, wadda kamfanin Rival na Amurka ya fara sayarwa da wannan suna a 1971. Gininta ba wuya: gangar ƙarfe mai ɗumama, kwanon tangaran da ake cirewa, murfin gilashi, sai maɓalli mai Low (ƙaramin zafi), High (babban zafi) da Warm (riƙe ɗumi). A wajen dankali tana yin aikinta da kyau, amma sai mai girki ya san halinta, don ba ta ƙone ruwa kamar tukunyar kan murhu.

Kilo ɗaya da rabi na dankali shi ne daidai cikinta. A fere, a yanka kamar girman ƙwan zabo ko ƙasa da haka, kuma yankan ya zo kai ɗaya, in ba haka ba ƙananan za su narke manyan na nan da gardi. A shafe cikin kwanon da bota, a zuba dankalin, ruwa ko romon kaza kofi ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, sannan a yayyanka bota giram 50 a jera a sama. Awa 3 zuwa 4 a High, ko 6 zuwa 7 a Low. Idan cokali mai yatsu ya shige ba turjiya, ya nuna.

Ruwan kofi ɗaya zai yi wa ido kaɗan, kada a ƙara. Tururi ne ke dafa shi, kuma duk abin da aka zuba yana nan a ciki har ƙarshe. Wanda ya cika ruwa, fate zai kwashe. Haka buɗe murfi don leƙe: zafin da ya tsere yakan ɗau lokaci kafin ya dawo. Juyi ɗaya a tsakiyar dahuwa ya wadatar, shi ma don na saman da iska ke taɓawa ne, waɗanda kan yi toka-toka, da na gefen da ke soyuwa ya yi ja.

Madara a ƙarshe ake sa ta, da ɗuminta, kamar kofi ɗaya, kaɗan-kaɗan ana dagargazawa, tare da ƙarin bota giram 50. In aka sa ta tun farko, doguwar dahuwa kan tsinka ta, ta kuma kama gefen kwano. Blenda kuwa a bar ta a inda take. Tana fasa sitacin dankalin ya yi danƙo kamar sakwara. Abin dagargazawa na hannu ko muciya sun fi. Wannan ya fi shafar mai amfani da Nicola, ɗaya daga cikin irin dankalin da ake nomawa a Filato, domin ba ya gari kamar Russet na Amurka ko Maris Piper na Ingila, don haka hannu ya yi sauƙi.

Inda ta fi burgewa shi ne Warm. Tana riƙe dankalin da ɗumi har awa biyu bai bushe ba, ga murhu a sake don miya da nama. Sai dai a shimfiɗa tawul mai tsabta a ƙarƙashin murfin, saboda gumin da ke taruwa yana ɗiga ya jiƙa saman.

Babban cikas wuta ce. Ba ta ci da yawa, ƙaramin janareta ma zai ɗauke ta, amma tana buƙatar awanni ba yankewa. Mai maɓallin juyawa ta fi mai allon kwamfuta a nan, don tana ci gaba da kanta idan wuta ta dawo. A duba ƙasan tukunyar kafin a biya kuɗi: ta kasuwar Amurka 120V ce, jona ta a wutarmu ta 230V zai ƙone ta, ta Ingila ce ke shiga kai tsaye. Kwanon tangaran kuma yana da nauyi, kuma yakan tsage idan aka watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, don haka a bari ya huce kafin wanki.