Shimfiɗar cikin takalmi ga mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa: wacce ta cancanci kuɗinka?

Shimfiɗar farko da na saya wa takalmina ta jel ce, mai laushin gaske. Na danna ta da babban yatsa ta lotsa, na saki ta dawo, raina ya kwanta cewa ciwon ƙafa ya zo ƙarshe. Kwana uku na ji daɗinta. A na huɗu zogin da ke gefen ciki na tafin ƙafata ya dawo yadda yake, har ya ɗan haura zuwa idon sawu. Sai daga baya na gane cewa madogari ƙafata take nema, ni kuma na kawo mata katifa. Mafi yawan masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa a nan suke fara yin tuntuɓe, domin a hannu laushi ne ke burge mutum, amma nauyin jiki kan murƙushe laushin nan tun takun farko.

Ƙafa ɗaya tana ɗauke da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33, an jera su yadda tsakiyar tafin zai ɗaga sama daga gefen ciki. Wannan ɗagawar ita ce kwarmin tafin ƙafa. Abu biyu ne suka fi ɗaukar wahalar riƙe shi. Akwai wata jijiya da ke saukowa daga bayan ƙwauri, ta zagayo ta bayan idon sawu na ciki, ta kama ƙasusuwan tsakiyar ƙafa tana ɗaga su. Akwai kuma wani zare mai kauri da ya miƙe daga ƙashin diddige zuwa gindin yatsu, kamar tsirkiyar baka. Idan kwarmin ya kwanta, diddige yakan karkace, idon sawu ya faɗo ciki, sai waɗannan biyun su riƙa shan ja a kowane taku. Aikin shimfiɗa mai kyau shi ne ta rage wannan jan. Ba ta gyara ƙashi, ba ta gina kwarmin da babu shi. Kamar tabarau take ga ido: tana aiki muddin tana jikinka.

Kafin a kai ga saye, ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci: kana jin ciwo? Mutane da yawa ƙafarsu a shimfiɗe take tun yarinta, suna tafiya suna gudu ba tare da wata damuwa ba. Irin waɗannan ba sa bukatar komai. Haka yara ƙanana, kusan dukansu ƙafarsu a shimfiɗe take bayyana, kwarmin yakan fito a hankali kafin su kai shekara goma. Yaron da ba ya kukan ciwo, ba ya ɗingishi, babu dalilin cusa masa roba a takalmi.

Idan kuwa akwai ciwo, gwaji biyu za ka iya yi a ɗaki. Jiƙa tafin ƙafarka ka taka takarda mai kauri. In sawun ya fito cif, babu ɓangaren da ya rage a bushe daga gefen ciki, ƙafarka a shimfiɗe take. Na biyun ya fi wannan amfani: dafa bango ka yi ɗage a kan yatsu, wani ya duba maka ta baya. In kwarmin ya bayyana da ka ɗaga, ƙafarka mai lanƙwasuwa ce, ita ce ta fi yawa a cikin mutane, kuma ita shimfiɗar kanti ta fi yi wa amfani. In ko a ɗagen ma tafin ya tsaya a baje kamar faranti, ƙafar ta sandare ke nan, kuma tura mata roba mai tudu ba zai ɗaga ta ba, sai dai ya ƙara mata zogi. Mai irin wannan ƙafa ya fara ganin likita tukuna.

Abin da ke kasuwa kusan kashi uku ne, duk da cewa kwalayen sun fi haka yawa. Na farko masu laushi zalla: jel, silikon, da soson nan mai riƙe shatin ƙafa. Suna rage bugun ƙasa, suna yi wa wanda kitsen diddigensa ya ragu saboda shekaru daɗi, haka ma mai yini a tsaye kan siminti alhali ƙafarsa lafiya lau. Ga shimfiɗaɗɗiyar ƙafa kuwa ba su da abin da za su tokare da shi. Soso mai riƙe shati ma ya fi ba ni haushi, domin shatin faɗuwar ƙafar yake ɗauka ya adana.

Kashi na biyu su ne masu matsakaicin tauri, kuma a ganina nan ya kamata kusan kowa ya fara. Ƙasansu akwai ɓawon roba mai tauri wanda ya taso daga diddige ya tsaya kafin gindin yatsu, samansu kuma an lulluɓe da soso, yawanci irin wanda ake kira EVA. Robar ce ke tallafe kwarmin, soson kuma ya hana ta cizon fata. Superfeet da Powerstep sun yi suna a wannan layi. Akwai kuma irin na kamfanin Sole da ake ɗan ɗumama su a tanda sannan a taka, su ɗauki wani abu na siffar ƙafar mai su. Wasu ana yin su da ɓawon bishiyar nan da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda ke da ƙarfi amma yana sabawa da ƙafa sannu a hankali.

Na uku masu tauri sosai, na roba mai ƙarfi ko zaren kabon. Sirara ne, suna daɗewa, suna kuma riƙe ƙafa fiye da sauran. Sai dai ba sa yafe kuskure. In tudunsu ya kauce wa kwarminka ko da kaɗan ne, za ka ji kamar ka taka dutse yini guda. Ba zan ba wanda bai taɓa saka shimfiɗa ba shawarar ya fara da su ba.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya a kai, wato tsayin tudun. Hankali yakan ba mutum cewa tunda ƙafarsa ta kwanta, to tudu mafi tsawo shi ne zai fi ɗaga ta. Wannan tunanin ya sa mutane da dama sun jefar da shimfiɗu masu kyau suna cewa ba su da amfani. Tudu mai tsawo an yi shi ne don mai kwarmi mai zurfi, ya cike masa ramin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Kai da ba ka da wannan ramin, tudun zai soki naman tafinka ne kawai, ya bar maka ja ko bororo, wani lokaci ma ya tura ƙafar ta karkata waje. Abin da kake nema shi ne tudu gajere ko matsakaici, mai faɗi, mai gangara a hankali, amma wanda ba ya lotsawa. Yawancin kamfanoni suna rubuta tsayin a jikin kwali. Kada ka tsaya ga rubutun kaɗai. Ajiye shimfiɗar a ƙasa, ka taka ta da ƙafa ɗaya, ka ɗaga ɗayar. Ya kamata ka ji ta rungumi tafin gaba ɗaya, babu wuri guda da ke tokarinka fiye da sauran. Sannan ka ɗauke ta ka danna tudun da babban yatsa iya ƙarfinka. In yatsa ya iya kwantar da shi, me kake tsammani zai faru idan duk jikinka ya hau?

Abin da mutane ba su cika dubawa ba shi ne mazaunin diddige. Ni kam yanzu shi nake fara juyawa in gani. Idan yana da zurfi kamar ƙaramin ƙoƙo, gefunansa kuma a tsaye suke da ƙarfi, zai hana diddige karkacewa, kuma daga karkacewar diddige ne faɗuwar kwarmi ke somawa. Yana kuma tattara kitsen da ke ƙarƙashin ƙashin ya zauna inda ake bukatarsa. Shimfiɗa mai tudu amma diddigenta a baje rabin aiki kawai za ta yi.

Inda ciwon yake shi ma yana sauya zaɓi. Idan a diddige ne, ya fi tsanani a takun farko da safe ko bayan dogon zama, sannan ya lafa in an ɗan yi tafiya, galibi zaren nan na tafin ƙafa ne ya gaji. Nemi mai matsakaicin tauri da mazaunin diddige mai zurfi da ɗan laushi a tsakiyarsa, ka haɗa da miƙar agara da sha-raɓa kullum, domin agara mai ɗaurewa tana ƙara wa zaren ja. Idan ciwon a gindin yatsu yake, kamar tsakuwa ta shiga takalmi, nemi mai ɗan ƙaramin tudu a gaba. Wannan tudun bayan ƙasusuwan gindin yatsu yake zama, ya baza su. In ya zauna daidai ƙarƙashinsu ciwon ƙaruwa zai yi. Idan kuma ciwon yana bin gefen ciki na idon sawu, da kumburi, kuma ka kasa yin ɗage a ƙafa ɗaya, to jijiyar da ke ɗaga kwarmin ce ke neman gazawa. Wannan ya wuce maganar kanti, kuma jinkiri yana iya sa ƙafar ta ƙarasa kwanciya.

To, ta kanti ko wadda ake auna ƙafa a ƙera wa mutum? Ta awo tana ninka ta kanti tsada sau da yawa, kuma da wuya mutum ya ƙi yarda cewa mai tsada ta fi. A 2006 an wallafa wani bincike da aka yi a Ostareliya kan mutum 135 masu ciwon diddige. An raba su uku: wasu aka ba su ta awo, wasu ta kanti mai tauri, wasu kuma siririn soso marar tallafi. Bayan wata uku, masu ta awo da masu ta kanti sun ɗan fi samun sauƙi, kuma tsakanin su biyun babu wani bambanci na a zo a gani. Bayan shekara guda duka rukunonin sun yi kusan daidai. Saboda haka ga ciwon diddige na yau da kullum, fara da ta kanti mai kyau. Ta awo tana da gurbinta: ƙafar da ta sandare, ƙafafun da suka bambanta da juna sosai, mai amosanin gaɓɓai da ya sauya siffar ƙafa, ko wanda ya gwada na kanti biyu zuwa uku tsawon watanni bai ga canji ba. Tana kuma yin shekaru, yayin da ta kanti kan gaji tsakanin wata shida zuwa shekara ga mai sa ta kullum.

Masu maganaɗisu a ciki ba zan ɓata lokaci a kansu ba. An gwada su a Amurka a 2003 kan masu ciwon diddige, ba su fi irinsu marasa maganaɗisu komai ba.

Shimfiɗa ba ta aiki ita kaɗai, takalmin da ta shiga shi ne rabin labarin. Matsa bayan takalminka da yatsu biyu. In ya lanƙwashe kamar tsumma, babu abin da zai riƙe shimfiɗar a wurinta. Murɗa shi kuma kamar kana matse wanki: takalmin kirki yana turjewa, kuma a gindin yatsu kaɗai yake lanƙwasa. Tsohon takalmin da ya riga ya karkace ciki, in ka ɗora shi a kan tebur ka dube shi ta baya za ka ga ya jingina, sabuwar shimfiɗa ba za ta miƙar da shi ba. A kambas da takalmin aiki masu fili, cikakkiyar shimfiɗa ta fi, amma ka fara zare wadda ta zo da takalmin, ka ɗora ta a kan sabuwar ka zana, sannan ka yanke gaban kaɗan-kaɗan. Ba a yanke ɓangaren diddige. A sau-ciki mai matsewa kuwa, gajeruwar da ke tsayawa kafin yatsu ta fi dacewa, domin cikakkiya za ta ɗaga ƙafar ta matse yatsu da saman takalmi. Wajen zaɓen lamba, inda tudun ya faɗa a tafinka ya fi tsawon shimfiɗar muhimmanci, tunda tsawo ana rage shi da almakashi, tudu kuwa ba ya matsawa. Ka tafi da takalmin da za ka saka ta a ciki, da safar da ka saba sawa, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Ranar farko awa ɗaya ko biyu ta isa. Ka riƙa ƙara awa guda kullum, cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙafa za ta saba. Jin baƙon abu a ƙarƙashin tafi da ɗan gajiya ba laifi ba ne. Zogi mai suka, bororo, ko sabon ciwo a gwiwa ko ƙugu alama ce ta cewa ba taka ba ce, don haka ka tambayi sharaɗin mayarwa tun kafin ka biya, kuma kada ka yanke ta sai ka taka ta a ƙasa ka gamsu. A saka a ƙafa biyun ko da ɗaya ce ke ciwo, don kada tsayinsu ya bambanta.

Mai ciwon suga lamarinsa daban ne, kuma ina roƙon a ɗauki wannan da gaske. Cutar tana iya kashe jin ƙafa, har roba mai tauri ta goge fata ta zama gyambo mutum bai sani ba. Shi likita ne zai zaɓa masa, yawanci mai laushi hawa-hawa da ke raba nauyi ko'ina, kuma ya riƙa duba tafinsa kowane dare, da madubi in ya kasa leƙawa. Haka duk wanda ƙafarsa ɗaya ta kwanta farat ɗaya bayan ya girma, ko take yin dindiris, ko ciwon ke tashinsa daga barci, ko ya yi wata biyu da shimfiɗa mai kyau babu sauƙi, ya kai ƙafar a duba ta, ya kuma riƙe takalmin da shimfiɗar a hannu, domin yadda suka cinye yana nuna wa likita yadda yake taka ƙasa.